Surar Gamzaki a Kan Fata

A zamanin da ƙasar Daramfa ke da ganuwar da sai ka ɗaga kai kake ganin ƙarshenta, wanda ke bisa gadon sarautarta shi ne Sarki Gamzaki ɗan Nomau. Ya hau mulki yana saurayi, ya yi yaƙi har ya ƙoshi, sannan ya zauna ya yi ta shari'a har gemunsa ya yi fari fat. A ɗaya daga yaƙe-yaƙen ƙuruciyarsa takobi ya sare shi daga goshi zuwa kunci, ya tafi masa da idon hagu. Da tsufa ya zo kuma sai hannunsa na dama ya soma rawa, in zai sha ruwa sai ya tallafi ƙoƙon da ɗaya hannun.

Yamma da Daramfa akwai ƙasar Sawarki. Sarkinta Jibgau matashi ne mai jini a jika, ya ci garuruwan kan iyaka ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rantse ba zai aske kansa ba sai ya ɗaure dokinsa a ƙofar fadar Gamzaki. Rundunarsa ta ninka ta Daramfa. Wadda kaɗai za ta iya raba wannan gardama ita ce Sarauniya Gwamma ta Duwatsun Marke, mai 'yan bakan da ba a taɓa kai su ƙasa ba. Duk wanda ta jingina da shi, nasara tasa ce.

To, a ƙasashen nan al'ada ce tun kaka da kakanni, mai sarauta ba ya haɗa ido da mai sarauta, an ce in sun haɗu ɗayansu ba zai ga damina ba. Saboda haka sai da jakadu ake magana. In kuwa wani yana son sanin wane irin mutum ne ɗan'uwansa, sai a zana masa surarsa a kan fata a aika.

Ranar da Jakada Tanimu, wanda Gamzaki ya aika neman taimakon Gwamma, ya dawo daga Marke, fada ta cika maƙil. Ya cire takalma, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki. Na isa, na isar da saƙo. Sarauniya ta ce in gaishe ka gaisuwar maƙwabta. Ta ce labari ya zo mata Gamzaki ya tsufa, idonsa ɗaya, hannunsa na rawa, wai rawani ne kawai aka ɗora a kan gado. Ta ce ita ba ta ba da 'ya'yan mutane ga wanda ba ta san fuskarsa ba. Jibgau ya riga ya aika mata da surarsa. A aika mata da taka, ta jera su ta duba.”

Sarki ya ce, “Ka ga ta Jibgau?”

“Na gani, Zaki. Fatar bijimi guda ce. An zana shi bisa ingarma, doki ya miƙe da ƙafa biyu, mashi a hannu, mutane zube a ƙarƙashin kofato. An barbaɗa garin zinariya a sulkensa, in rana ta doke shi sai ka kare ido.”

Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, shi ya fara magana. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, wannan ai ba abin dogon zance ba ne. In nasu fatar bijimi ce, mu haɗa biyu. A zana sarki cikin lifidi da kwalkwali, takobi zare, a rufe gefen hagu da garkuwa. Mace mai mayaƙa mayaƙi take nema.”

Galadima, wanda tare suka yi wasan ƙasa da sarki, ya girgiza kai. “Ni kuwa cewa na yi a zana shi yadda na san shi kafin saran nan, baƙin gemu, ido biyu kamar garwashi. Ba ƙarya muka yi ba, ai ya taɓa zama haka.”

Liman ya gyara zama ya ce, “Ranka ya daɗe, ni dai raina bai kwanta da zanen mai rai ba, kuma ba zan ɓoye ba. In ta zama dole, to kada a rataye shi inda wani zai rusuna masa.”

Sarki ya ce, “Mun ji, Malam, mun kuma karɓa. Saƙo ne za a aika, ba abin bauta ba.”

Saura mutum ɗaya bai yi magana ba, shi ne Ciroma Bagudu, ɗan wan sarki. Mahaifinsa ya rasu bai yi sarauta ba, shi kuwa ya girma yana ganin gadon nan nasa ne aka zaune masa a kai. Tun bara yake musayar 'yan aike da Jibgau a ɓoye, an yi masa alkawarin in Daramfa ta faɗi shi za a naɗa. Ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya yi magana a hankali kamar mai tsoron Allah.

“Allah ya taimaki sarki. Manya sun yi magana, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Sarauniya tana da masu kai mata labari a cikin kasuwarmu. In muka aika mata da saurayi alhali ta san dattijo ne, mun zubar da girman gidan nan a idonta. Ni shawarata a zana sarki yadda Allah ya bar shi, kada a rage, kada a ƙara.”

A ransa kuwa cewa yake, da zarar Gwamma ta ga tsoho mai ido ɗaya kusa da wancan ingarma, an gama.

Sarki ya daɗe yana dubansa da idon nan guda. Sannan ya ce, “Gaskiya gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. A kira mana Tunau.”

Tunau shi ne Sarkin Zane na Daramfa. Asalinsa baduku ne, ya bi ayarin fatake zuwa ƙasashen gabas yana saurayi, ya shekara da yawa a hannun masu zanen can, ya dawo da furfura da sana'ar da babu mai ita a duk yankin. Mutum ne mai ji da kansa, ba ya rage magana don girman mai sauraro. Da aka gaya masa abin da ake so, ya ce, “Ranka ya daɗe, zan yi. Amma ba zan taɓa alƙalami ba sai na kalle ka har ka manta ina kallonka.”

Haka kuwa aka yi. Tunau ya samu gindin ginshiƙi a zauren shari'a ya zauna, kullum da safe yana nan, ba ya cewa uffan. Labari na ta zuwa Jibgau ya ƙone wani gari, ya kama wani dagaci. Madawaki ya rasa haƙuri, ya tare shi a ƙofa ya ce, “Sarkin Zane, wuta na cin ƙauyuka kai kana zaune kana kallon mutane?”

Tunau ya ce, “Madawaki, kai in za ka kai hari ba ka fara aika masu leƙe? To ni ma leƙe nake.”

Wata safiya aka shigo da wani manomi da ya kawo ƙarar dawakin fada sun shiga gonarsa sun cinye masa dawa. Mutumin bai taɓa shiga fada ba. Da ya ga dogarai sai harshensa ya sarƙe, ya buɗe baki magana ta ƙi fita, gumi ya karyo masa. Wani dogari ya daka masa tsawa. Sarki ya ɗaga yatsa, dogarin ya ja da baya. Sai sarki ya kwantar da sandarsa a kan cinya, ya ɗora hannu bisa hannu, ya ɗan sunkuyo gaba, ya juyo da gefen fuskarsa mai gani wajen manomin, ya jira. Bai ce yi sauri ba, bai ce kada ka ji tsoro ba. Jira kawai ya yi, kamar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Can manomin ya samu numfashi, ya faɗi ƙararsa daga farko har ƙarshe, aka biya shi dawarsa daga rumbun sarki.

Tunau ya tashi daga gindin ginshiƙi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, “Na samu.”

Washegari bayin sarki suka fito da kayan ado suka shimfiɗa: sulke, kwalkwali mai gashin jimina, alkyabbu masu aikin zinariya da fatake suka kawo daga arewa. Tunau ya bi su ɗaya ɗaya yana turewa gefe. Ya ɗauki farar 'yar ciki ta saƙi, da kore, wato baƙar rigar shuni mai sheƙi wadda aka buga har tana ɗaukar ido, da wata jar alkyabba ta gado wadda bakinta ya soma koɗewa.

Shugaban bayin ya ce, “Wannan ai tsohuwa ce, tun ta kakan sarki.”

“Shi ya sa,” in ji Tunau. “Sabuwa kowane mai dukiya zai saya a kasuwa. Wannan sai wanda ya gada.”

Da sarki ya shirya ya zauna, Tunau ya tsaya yana dubansa, sai ya ce, “Allah ya ba ka nasara, saura abu ɗaya. A sauke amawali.”

Bayi suka dubi juna. Amawali shi ne gefen rawanin da sarki ke rufe baki da hanci da shi, kuma babu talakan da ya taɓa ganin bakin Gamzaki tun ranar naɗinsa. Sarki ya sa hannu ya sauke da kansa. Ya ce, “Fuska ta ce tana so, ba rawani ba.”

Tabon ya fito gaba ɗayansa, daga goshi ya ratsa gurbin ido ya gangaro cikin gemu.

Tunau ya riga ya shirya fatarsa, ta maraƙi ce da aka jeme ta yi laushi, ya shafe ta da farar ƙasa da ƙaro ya goge har ta yi santsi. Ga ƙananan kasake jere a gabansa: shuni, jan karan dafi, ruwan gangamau, baƙin tozali. Yana zane da alƙalamin kara da gashin jelar akuya ɗaure a tsinke. Suna aiki suna taɓa hira, sarki da mai zane, kamar tsofaffi biyu a inuwar bishiya.

Sarki ya ce, “Hannun nan fa, Tunau? Yaya ake zana rawa?”

“Fata ba ta rawa, ranka ya daɗe. Amma zan zana jijiyoyin, da yadda na hagu ke dafe da na dama. Mai ido zai gane.”

“Zana.”

“Da tabon?”

“Da ido na saye shi. Kada ka ɓoye mini dukiyata.”

Tunau ya yi murmushi ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce, “Na zana masu mulki a gabas, Zaki. Akwai wanda ya sa na rage masa hanci har sau uku. Da na gama, uwarsa ma ba ta gane shi ba.”

Sarki ya yi dariya har kafaɗarsa na motsi, Tunau ya ce a dakata, ya tsaya yana kallon yadda gefen bakin ke komawa wurinsa bayan dariyar, sannan ya ɗauki alƙalami da sauri.

Ranar da aka gama, aka kawo fatar fada a naɗe, aka warware ta gaban 'yan majalisa. Ba ta kai rabin ta Jibgau ba. Babu doki a ciki, babu mashi, babu gawa.

Dattijo ne zaune a kan gadon sarauta, shi kaɗai, bayansa fili ne mai launin ƙasa ba tare da komai ba, don kada ido ya tafi ko'ina sai kansa. Rawaninsa fari, kunnuwan rawanin biyu a tsaye, alamar jinin sarauta. Koren na sheƙi kamar bayan hankaka, kowane ninki ya faɗa inda ya dace, kana gani ka san mai rigar ya saba da ita, ba aro ya yi ba. Jar alkyabbar ta zubo daga kafaɗa har ƙasa, koɗaɗɗen bakinta a fili. Sanda kwance a kan cinya. Hannu bisa hannu, jijiyoyi a tashe, zoben azurfa guda a ɗan yatsa. Ya ɗan sunkuyo gaba. Tabon na nan, Tunau bai sassauta shi ba ko kaɗan, ja-ja-ja a gefe, fari a tsakiya. Amma idon nan guda, shi ne abin. Duk inda ka tsaya a zauren kai yake kallo, ba kallon tsawa ba, kallon wanda ke jiran ka faɗi abin da ke ranka, wanda kuma zai gane in ka yi ƙarya. A gefen baki akwai ragowar wata dariya da ba ta gama tafiya ba.

Galadima ya daɗe yana kallo, ƙwalla ta taru masa. Ya ce, “Na nemi a dawo mini da saurayin da na sani. Ashe yana nan cikin wannan.”

Madawaki ya ce, “Kyau kam ya yi kyau. Amma ina tsoron kyau ba ya tare mashi.”

Ciroma Bagudu ya matso. Duk abin da ya nema an zana: ga furfura, ga tabo, ga hannun da ke neman tallafi. Amma da ya tsaya gaban fatar sai ya kau da kai daga idon nan kamar ya san abin da ke cikinsa. Ya ce, “Madalla da Sarkin Zane.” Sarki ya sa aka yafa wa Tunau riga.

Jakada Tanimu ya ɗauki fatar ya hau duwatsu. A fadar Marke, wadda aka gina da dutse a kan tudu, Sarauniya Gwamma ta sa aka jingina surar Gamzaki kusa da ta Jibgau. Mace ce mai shekaru, gajeriya, mai kaifin ido. Ta tashi daga kujerarta tana ɗingishi, ta tsaya gaban ta Jibgau, ta dubi dokin, ta dubi zinariyar. Sannan ta koma gaban ɗayar, nan kuwa ta daɗe har hakimanta suka soma gyaran murya.

Ba tare da ta juyo ba ta ce, “Jakada, wanda ya zana wannan yana da rai?”

“Yana da rai, ranki ya daɗe. Riga ma aka ba shi.”

“Riga aka ba shi,” ta maimaita. Ta koma ta zauna. “Je ka, na gani.”

“Ranki ya daɗe, me zan gaya wa ubangidana?”

“Ka gaya masa na gani.”

Da wannan amsa Tanimu ya dawo Daramfa, jiki a sanyaye. Majalisa ta ɗauka ƙi ne aka naɗe cikin ladabi. Madawaki ya ciji yatsa ya ce da an bi tasa. Shi kuwa Ciroma, ranar ma bai bari ta faɗi ba ya tura ɗan aike Sawarki cewa Marke ba ta zuwa, ƙofa a buɗe take, kuma shi zai riƙe ɓangaren hagu ranar gamo.

Jibgau ya taso da dukan abin da ya mallaka. Aka shawarci sarki ya zauna cikin ganuwa, ya ƙi. Ya ce, “In na rufe ƙofa, su wa na bari a waje? Manoman da ke ciyar da ni.” Ya sa aka ɗaure masa linzami a hannun dama da tsumman rawani don kada rawar ta kuɓutar da shi, ya hau, aka buɗe masa laima, ya fita da rundunarsa zuwa Fadamar Gawo, inda tudun da ya gangaro daga duwatsu ya haɗu da fili.

Da safiyar gamo hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta soma kaɗa tutoci. Sai ga bakan gizo ya fito ya tsaya a kan tudun, hadarin ya soma wargajewa ba tare da ɗigo ya sauka ba. Mayaƙa suka yi ta gunaguni, wasu na cewa muguwar alama ce, an shanye mana rahama. Sarki ya ɗaga kai ya duba, ya ce, “Ruwan da bai sauka ba bai jiƙa kowa ba. Ku busa.”

Aka busa ƙaho, aka buga ganguna. Barade na Sawarki suka kwararo kamar ambaliya, Jibgau a tsakiyarsu, gashin kansa da bai aske ba na fita ta ƙarƙashin kwalkwali. Madawaki ya tare su da dakarun tsakiya, garkuwa jikin garkuwa. Karon farko ya tura su baya, suka dage. Na biyu ya fasa sahu, Galadima duk da tsufansa ya shigo da mutanensa ya toshe. Mashi ya ƙare aka koma takobi. Ƙasar fadamar ta zama laka da jini. Laimar sarki ba ta matsa ko taku ɗaya ba, duk wanda ya juyo da niyyar gudu sai ya hango ta ya koma.

Rana ta take tsaka, sai aka ga tutar Ciroma ta karkata. Da fari mutane sun ɗauka zai zagaya ne ya bugi maƙiya ta gefe. Sai suka ga ya sauke mashinsa ƙasa, ya ratsa fili da mutanensa, ya shige cikin rundunar Sawarki, aka buɗe masa hanya. Ɓangaren hagu ya zama wayam, babu kowa tsakanin laimar sarki da gindin tudu.

Madawaki ya zo a sukwane, jini na zuba daga kafaɗarsa. “Zaki, Ciroma ya ci amana! Ka juya, zan tare maka su har ka isa ganuwa.”

Sarki ya ce, “Madawaki, hannuna a ɗaure yake da linzami, kuma ban koya masa juyawa ba. Tsaya kusa da ni.”

Jibgau ya ga ɓarakar. Ya tara zaɓaɓɓun baradensa, ya zagayo ta gindin tudun don ya faɗa wa laimar ta gefe. Suna tsakiyar mashigin, tsakanin tudu da fadama, sai wani fito mai kaifi ya tashi daga cikin duwatsu, wani ya amsa, wani ya amsa. Ciyawar tudun ta miƙe ta zama mutane. 'Yan bakan Marke ne, sun kwanta a nan tun kafin rundunonin biyu su iso, tsirkiyarsu a bushe. Kibau suka sauko har suka rage hasken rana. Dawaki suka yi ta faɗuwa kan juna, na baya na taka na gaba. Madawaki ya yi kururuwa, dakarun Daramfa da suka gaji liƙis suka samu sabon ƙarfi suka danno.

Jibgau ya juyo ya ga Ciroma a gefensa, ya ce, “Kai ka ce mini ba sa zuwa!” Ciroma ya yi ta rantsuwa bai sani ba, ba a saurare shi ba. Aka fizgo shi daga kan doki, aka ɗaure shi da igiyar rawaninsa aka yar a laka. Jibgau ya tsere da 'yan tsirarun da suka rage, ya bar tamburansa da tutocinsa a fili.

Da la'asar aka kawo Ciroma gaban laima, kai ba rawani. Mayaƙa na ihun a sare shi. Sarki ya dube shi, ya ce, “Ɗan wana ne, ba zan zubar da jinin gidanmu a gaban baƙi ba. Ku kwance shi, ku ba shi ruwa da jaki, ku nuna masa hanyar kudu. Ranar da ya sake taka ƙasar Daramfa, ba ni da ɗa.”

Sannan wani dogon mutum mai kwari a kafaɗa ya gangaro daga tudu, ya ajiye bakansa a ƙasa, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarkin Bakan Marke ne, sunansa Arzika. Ya ɗago ya dubi sarki, ya ce, “Allah ya ba ka nasara. Ba a nuna mini kai ba, amma ko cikin dubu zan ɗauko ka.”

Sarki ya ce, “Sannunku da zuwa. Uwargijiyarka ta bar mu cikin duhu, Sarkin Baka.”

“Da gangan ta yi, Zaki. Ta ce wanda ya fara kawo mata labarin tsufanka daga cikin fadarka ya fito, don haka duk amsar da ta ba jakada, Jibgau zai ji ta kafin kai. Ta ce in ba ka haƙuri.”

“To me ta gani a fatar da ya sa ta turo ku?”

“Ta tara mu ta ce mu duba da kyau. Ta ce wanda ya zana Jibgau hannunsa na rawa don tsoro, shi ya sa ya cika fatar da doki da zinariya, ya bar fuskar babu kowa a ciki. Wanda ya zana Gamzaki kuwa bai ji tsoron komai ba, ya zana tabo, ya zana tsufa, aka ba shi riga. Ta ce sarkin da ake iya gaya wa gaskiyar fuskarsa, ana iya gaya masa kowace gaskiya, kuma irinsa ake ƙulla alkawari da shi.”

Sarki ya dubi ɗaurarren hannunsa. Ya ce a kwance masa hannu daga linzami, aka kwance, tsumman ya bar sawu a fatarsa. Ya ce, “Faɗi abin da take so. Shanu, ko gishiri, ko garuruwan da ke gindin dutse. Rabin ganimar yau nata ne tun kafin ta tambaya.”

Arzika ya ce, “Ta ce ganima a raba wa matan waɗanda suka faɗi. Abu ɗaya take roƙo: a ba ta aron Sarkin Zane na damina guda.” Sai ya ƙara da cewa, “Ta ce kuma in gaya masa tun daga nan, ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma ba ta da haƙoran gaba biyu. In ya kuskura ya mayar mata da su, ba zai ga riga ba.”

Dariya ta kuɓuce wa sarki, ta bi ta kan Madawaki da Galadima, ta bazu cikin mayaƙan da ko tsayuwa da ƙyar suke yi. Sarki ya share idonsa da bakin alkyabba, ya juya ga Jakada Tanimu.

“Hau ka riga mu gida. Ka ce a buɗe ƙofofi, a buga tamburan Sawarki a kasuwa kowa ya ji. Ka kuma biya ta gidan Tunau, ka ce ya jeme sabuwar fata.”